Baturiyar Lukuman Ta San Hanya

Duk wanda ya taɓa shan shayi a bakin tashar Gwarzo ya san Lukuman Direba, in ma bai shaida fuskarsa ba to ya san muryarsa. Allah ya ba shi baki, shi kuma bai taɓa barin bakin ya huta ba. In ana zancen siyasa shi ya san abin da aka ƙulla a Abuja, in ana zancen ciwon ƙoda shi ne likita, in akuyar wani ta ƙi haihuwa nan ma yana da ta cewa. Abin da ya mallaka a duniya mota ce 'yar Kwatano mai kujeru bakwai, wadda yake jigilar fasinja da ita daga Gwarzo zuwa Kano. Da ita yake ci, da ita yake sha, da ita kuma yake cika wa mutane kunne.

Ana tsakiyar damina sai ga shi ya dawo daga Kano da wata 'yar na'ura kamar wayar hannu, ya liƙa ta a gilashin gaba. Wai ta nuna hanya ce. Ka rubuta mata inda za ka, sai muryar wata Baturiya ta dinga ce maka yi dama, yi hagu, miƙe. Ranar nan ba wanda ya sha shayinsa da zafi.

"Daga yau na daina tsayawa gaishe da mutane don su nuna mini hanya," in ji Lukuman, yana bubbuga bayan motar. "Ka tsaya ka ce sannu Baba, ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa, sai ka gama duk wannan ya ce maka shi ma baƙo ne. Wannan kuwa da tauraron ɗan'adam take magana. Daga sama take kallon ƙasa. Ko ramin gafiya ka rubuta mata sai ta kai ka ƙofarsa."

Monday, mai shagon kayan gyaran mota, ya leƙa ya ce, "Oga Lukuman, taswirar da ke cikinta ta yaushe ce? Ka sa an sabunta maka ita?"

"Monday, kai fa taya ka sani. Ka taɓa jin tauraro ya tsufa?"

"Ni dai na ji an ce..."

"An ce, an ce! Ita ba a ce mata, gani take da idonta."

To, a lokacin akwai wata magana da ta hana gidan su Lukuman barci. Ƙanensa Zayyad, malamin firamare a Getso, yana neman Badi'a 'yar Malam Jibirin na Unguwar Ɗorawa, wani ɗan ƙauye can bayan Durun a ƙasar Kabo. An sa ranar kai lefe aka ɗaga saboda tela, aka sake sawa aka ɗaga saboda rasuwa. Kowane karo gidan amarya sai sun soya kaji sun tara dangi, sannan a bugo waya a ce a yi haƙuri. Malam Jibirin kuwa dattijo ne mai magana ɗaya. Ya aiko cewa ranar Asabar, in ladan ya kira la'asar akwatuna ba su shiga gidansa ba, to su riƙe kayansu, shi ma ya riƙe 'yarsa, zance ya ƙare. Don kada a ce bai taimaka ba, har ya ce zai sa wani ɗan'uwansa, Jalo, ya jira su a bakin kwalta a Durun da babur ya yi musu jagora.

Lukuman na jin haka ya ce shi zai kai mata da kaya. Zayyad ya riƙe hannunsa ya ce, "Yaya, don girman Allah, ku bi Jalo. Raina yana cikin akwatunan nan."

"Ka buga wa Jalo ka ce ya koma gida ya sha furarsa. Ni da tauraro a gabana zan bi ɗan acaɓa a baya? Kafin azahar muna can, har sai mun jira su gama suyar kajin."

Ranar Asabar da hantsi aka loda kaya. Ƙananan akwatuna suka shiga but ɗin bayan mota, babbar kuma Lukuman ya ɗaure ta a saman mota da kansa, ya hana kowa taɓa igiyar, wai ɗaurin sojan ruwa ya yi. Gwaggo Marka, ƙanwar mahaifinsu, ita ce shugabar tafiya, ta zauna gaba. Ikilima matar Lukuman da wasu mata biyu na dangi suka zauna baya, kowa ta sha ado tana ƙamshin turaren wuta. Ana tayar da mota Baturiyar ta yi magana, Gwaggo Marka ta zabura har mayafinta ya zame.

"Wa ke nan? Au, ashe da mutum a ciki. Sannu baiwar Allah, ina kwana?"

Ta ƙara matsowa kusa da na'urar.

"An tashi lafiya? Ya mutan gidan?"

Baturiya ta ce da Turanci a yi hagu.

"Lukuman, 'yar gidan uban wa ce wannan? Ina gaishe ta tana ba ni umarni?"

"Gwaggo, ita ba ta gaisuwa. Aiki ne ya kawo ta."

"Wadda ba ta iya gaisuwa ba ita za ta kai mu gidan surukai? Allah ya kyauta."

Sun ɗan taɓa tafiya a kan kwalta lafiya lau, Lukuman yana fassara musu kowace kalma yana ƙara tasa. Ba su kai ko'ina ba Baturiya ta ce a sauka dama, a kama wata hanyar ƙasa. Ikilima ta ce, "Baban Naja, ai Durun a gaba take, kwalta za mu bi."

"Kwalta ta waɗanda ba su da ilimi ce. Ta ce akwai yanke. Ki zauna ki ga ikon Allah."

Suka kutsa. Hanyar ta kai su wani ƙauye, suka wuce wani tsoho zaune gindin tsamiya yana tufkar igiya, ya ɗaga musu hannu. Gaba kaɗan Baturiya ta ce a miƙe, amma inda ta ce a miƙe ɗin wani bawan Allah ya gina gida, har ya yi masa zaure ya ɗaure tunkiya a ƙofa. Lukuman ya yi tsaki ya ce laifin mai gidan ne da ya zo ya yi gini a kan taswira. Ya karya kan mota ya bi gefe, Baturiya ta sake lissafi, ta ce hagu, ta ce hagu kuma, sai ga su a gindin tsamiya.

"Sannunku da dawowa," in ji tsohon.

Lukuman ya yi kamar bai ji ba. Suka sake zagawa, suka sake cin karo da zauren nan da tunkiyarsa, suka sake fitowa gindin tsamiya. Wannan karon tsohon har ya matsa gefe ya kakkaɓe tabarma.

"Ku sauko ku huta mana, tunda garin namu ya yi muku."

Gwaggo Marka ta zuro kai ta taga. "Baba, don Allah ina hanyar Unguwar..."

Ba ta ƙarasa ba Lukuman ya taka mai, ƙeyarta ta bugi kujera.

"Kai ɗan nema! Kashe ni za ka yi?"

"Gwaggo, kada ki kunyata ni a gaban na'ura. Tana ji fa."

"Ta ji mana! Ita da ta zagaya da mu kamar jakin da aka ɗaure a turke?"

Da ƙyar suka kuɓuta daga garin, Baturiya ta cusa su cikin burtali, hanyar shanu mai ƙaya dama da hagu. Mota na tafiya ƙaya na karce mata jiki, ƙiii, Lukuman yana jin kowane karce a zuciyarsa amma yana murmushi, don kada mata su ce ya yi nadama. Can sai wani reshen farar ƙaya ya saƙalo ɗaurin sojan ruwa. Aka ji fat, aka ji rim. Babbar akwati ta dira ƙasa ta buɗe baki, kuma cikin duk akwatunan nan ita ce ta kayan ciki. Iska ta kwashi siket-siket da rigunan mama ta shanya su a kan ƙaya.

Kamar an aiko su, sai ga manoma sun ɓullo daga gona da fartanyu a kafaɗa. Suka yi cirko-cirko. Ikilima ta rufe fuska da mayafi tana cewa ta shiga uku, sauran matan suka bazama tsintar kaya, ƙaya na cizon su. Wani dattijo a cikin manoman ya sa ƙotar fartanya ya zaro wata jar rigar mama daga kan reshe, ya miƙo ta daga nesa yana kallon sama.

"Hajiya, wannan ma taku ce?"

"A'a, ta shanun da suka wuce ce!" in ji Gwaggo Marka, ta fizge. "Kawo nan!"

Lukuman ya ce, "Ku dai shaida, wannan ba laifin na'ura ba ne. Ba ita ta ɗaure akwatin ba."

"Ai mun san wanda ya ɗaure," in ji Ikilima daga cikin mayafi.

Dattijon ya tambayi inda suka nufa, Gwaggo ta gaya masa tun kafin Lukuman ya hana. Dattijon ya riƙe baki. "Unguwar Ɗorawa ta nan? Ɗana, ku koma kwalta. Wannan hanyar rani ce. In an yi girbi kowa ratsa gonaki yake yi har hanya ta fito fes, amma ruwa na sauka masu gona suke nome abinsu. Yanzu ko jaki ba ya bi."

"Baba, kai daga ƙasa kake kallo, ita daga sama. Wa ya fi ganin nesa?"

"To, Allah ya kiyaye hanya, ya kuma gaishe da na saman."

Aka cusa akwatin a kan cinyoyin matan baya, aka ci gaba. Azahar ta yi ta wuce. Wayar Lukuman sai ruri take, Zayyad ne. Ya ɗauka ya ce, "Mun kusa, muna hango garin," alhali abin da suke hangowa rafi ne cike da ruwa. Baturiya ta ce a miƙe. Mata suka ce wallahi sai dai ya miƙe shi kaɗai, suka sauka suka tattare zannuwa suka ratsa da ƙafa, takalma a hannu. Lukuman ya yi bisimilla ya afka. Mota ta yi tari, ta yi shure-shure, ta watsa wa Gwaggo Marka taɓo har goshi, ga mamakin kowa ta haye.

Da ma ta tsaya a rafin nan, da abin ya zo da sauƙi. Hayewar nan ita ta ƙarasa kumbura masa kai. Ya fito yana rawa a bakin ruwa yana cewa, "Wa ya ce ko jaki ba ya bi? Ku gaya wa tsohon nan mota ta bi! Gwaggo, ki ba ta haƙuri."

"In ba wa haƙuri?"

"Baturiya."

"Ka shiga mu tafi kafin in cire ta in jefa a rafin nan ta gaida kwaɗi."

Rana ta karkata. Inuwa ta fara tsawo, Ikilima na jan salati a hankali. Zayyad ya sake bugowa ya ce Jalo yana nan bakin kwalta tun safe bai ga kowa ba, Badi'a ta shige ɗaki tana kuka, an ce Malam Jibirin ya sa a kawo masa buta. Lukuman ya kashe wayar ya jefa a aljihu. Ya dubi na'ura, ta nuna saura ƙiris. Ya ɗaga kai ya dubi gaba, sai ya ga hanya ta ƙare. Ba ta lanƙwasa ba, ba ta rabu biyu ba, ƙarewa ta yi ƙurmus a gindin wata gonar dawa, kore shar, ta fi mutum tsawo, an yi mata huɗa layi-layi kamar an ja da zare.

Baturiya ta ce a miƙe.

"Lukuman," in ji Gwaggo Marka a hankali, "gona ce."

"A idonki gona ce. A taswira titi ne."

"Abincin mutane ne, ɗan nan!"

"Ta haye da mu rafi, dawa ce za ta gagare ta? Ku riƙe akwati."

Ya sa giya ya danna. Karan dawa suka dinga zubewa a gaban mota, ɓas ɓas ɓas, ganye na marin gilashi, mota na hawa kunya tana sauka, mata na salati da ihu, kowa kanta na bugun rufi. Ba a ganin gaba, ba a ganin baya. Suka yi nisa cikin gonar, sannan tayoyin suka samu ƙasa mai laushi wadda ta sha ruwan jiya. Mota ta yi gurnani, ta tona wa kanta rami, ta zauna daram a kan cikinta. Injin ya mutu. Cikin shirun nan Baturiya ta buɗe baki, da muryarta mai sanyi, ta ce an iso.

Kuma ba ƙarya ta yi ba. Ta tsakanin kara ana hango katangar wani gida da 'yar ƙofar baya, ƙamshin soyayyen kaza na tasowa. Mutanen da ke zaune a ƙofar gidan sun ji rugugi a bayan gida, suka zagayo a guje, wasu da sanduna, wasu da takalmi ɗaya. Mata suka leƙo ta kan katanga. A gaban jama'a akwai wani dogon dattijo, hannun riga a naɗe, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. Ya dubi titin da aka buɗe a cikin dawarsa tun daga bakin gona, ya dubi motar, ya dubi direban.

"Salamu alaikum," in ji Lukuman ta taga, murya ta koma kamar ta ɗan tsako. "Don Allah nan ne gidan Malam Jibirin?"

"Nan ce gonarsa. Gidan yana da ƙofa, a can gaba take. Mutane ta nan suke shigowa."

Aka fashe da dariya har kan katanga. Wani ya ce, "Malam, ashe tarakta ka sayo ba ka gaya mana ba!" Wani ya ce ai surukan zamani ne, da girbi suke fara gaisuwa. Malam Jibirin kaɗai bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya ɗago wani karan dawa da ya karye, ya shafa shi, ya ajiye.

Gwaggo Marka ta ture ƙofa ta fito, taɓo a goshi, ƙaya a mayafi, ta durƙusa ta gaishe shi gaisuwa cikakkiya, har da ya ruwa da ya ibada. Sannan ta ce, "Malam, an kira la'asar?"

"Ba a kira ba. Ga ladan nan a bayana."

Ta waiwaya ga matan. "Me kuke jira? Kowa ta ɗauka!"

Kafin ka ce me, akwatuna sun hau ka. Ikilima ta rangaɗa guɗa, matan kan katanga suka amsa, aka buɗe ƙofar baya, lefe ya shiga gida ta cikin dawa. Akwati ta ƙarshe na ɓacewa ladan ya gyara murya ya nufi masallaci.

"Kaya sun shiga kafin kira," in ji Malam Jibirin. "Na karɓa. Ba na magana biyu."

Jin haka Lukuman ya farfaɗo kamar an yayyafa wa alayyafo ruwa. Ya fito ya gyara hula ya dubi jama'a. "Kun gani ko? A kan lokaci! Har ƙofa! Ku nuna mini ɗan acaɓan da zai yi wannan. To, samari, a samo mana shanun huɗa ko tarakta a ja ta, gobe ina da lodin Kano."

"Ba za a ja ta ba," in ji Malam Jibirin.

"Na'am, Baba?"

"Shigarta ta ci abin da ta ci, wannan na bar wa Allah. In aka kawo shanu da tarakta, aka juya ta, aka ja, sai ta ci ninkinsa. Inda ta zauna nan za ta zauna sai an yi girbi."

"Baba, wasa kake. Da ita fa nake ci!"

"Ni kuma da wannan nake ci," ya nuna dawar. "Amma ban tilasta ka ba. In kana son motarka yau, ga samari nan, a fitar da ita, a fito da akwatunanku a loda, ku koma tare yadda kuka zo. In kuma akwatuna za su zauna, ita ma ta zauna. Zaɓi ɗaya."

Daidai nan waya ta sake ruri a aljihun Lukuman. Gwaggo Marka, da ta dawo bakin ƙofa, ta zare masa ido. Ya ɗauka, muryar Zayyad ta fito kowa na ji: "Yaya, an karɓa? Don Allah ka ce mini an karɓa."

Lukuman ya dubi motarsa, ta nutse har ƙofa, ganyen dawa a maƙale a madubinta. Bakin nan da bai taɓa rasa magana ba ya buɗe ya rufe, ya sake buɗewa.

"An karɓa," ya ce. "Ka kwantar da hankalinka."

Ya zare makulli ya miƙa wa Malam Jibirin da hannu biyu. Dattijon ya jefa shi a aljihu ya juya zai tafi masallaci. Lukuman ya bi shi da sauri yana ƙanƙan da murya.

"Baba, dawar nan dai ta kusa, ko? Na ga ta yi tsawo."

"Ko kai ba ta fitar ba. Kaura ce, ba ta gaggawa. Sai sanyi ya shigo."

"To, ana yanke ta in zo in ɗauka?"

"Ana yanke ta sai a jira wake. A ƙarƙashinta na shuka shi."

Lukuman ya sunkuya ya leƙa gindin taya. Waken ko yaɗo bai fara ba.